Darasi na 9: Ɗiyar da ta yi aure, a lissafin wa take?

Wannan tambaya ba ta ƙarewa a taronmu na Gesse, musamman in an zo kan asusun taimako. Sai ki ji mace ta ce, "Ɗiyata ta zo goyon ciki, wata uku ke nan daga tukunyata take ci, ashe ba iyalina ba ce?" To, 'yan uwa, a zuci iyalinki ce. A takarda kuwa ba ta ciki, kuma gara mu san haka tun kafin naƙuda ta tashi.

Mu fara da haraji, saboda masu mazaje ma'aikata. A tsohuwar doka, ana cire wa ma'aikaci naira 2,500 a kan kowane ɗa, har huɗu, kafin a yanka masa haraji, amma da sharaɗin ɗan bai yi aure ba. Sabuwar dokar da ta fara aiki a Janairun 2026 ba ta da wannan rangwame sam. Abin da ta yi shi ne ta yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara. Duk wanda ya ce ki biya shi ya sa sunan ɗiyarki don a rage wa maigida haraji, ki riƙe kuɗinki.

Inshorar lafiya ta ma'aikatan tarayya ma haka take: mutum da matarsa da 'ya'ya huɗu da ba su kai shekara 18 ba.

Malamanmu sun daɗe da yanke wannan. A cikin Risala, uba yana ciyar da ɗiyarsa har ta yi aure ta tare. Daga nan ci da sutura suna wuyan miji, ko da kunya ta hana mu tambayar suruki.

Inda rigima take shi ne akwatinmu. Asusun taimako ɗan ƙarami ne. In kowace ta ɗora masa ɗiyarta da jikokinta, kafin damina ya ƙare, ranar da wata a cikinmu ta kwanta asibiti sai a buɗe a tarar wayam. Ni ra'ayina, ɗiyar ta shiga ƙungiya da sunanta, ko nan ko garin mijinta, Argungu ne ko Birnin Kebbi, ta riƙa zubi ko da hannu ɗaya ne. In kuwa kun ga a taimaka wa mai jego a gidan uwarta, ku yanke nawa ne, sau nawa, sakatariya ta rubuta a dokar ƙungiya, kowa ta dangwala.

Aikin mako mai zuwa: kowace ta zo da sunayen masu ci a gidanta, mu ware waɗanda aure ya riga ya fitar.