Ba a ganin ta a jini, amma tana nan

Aikina gwajin jini ne, kuma da yawa daga 'yan uwanmu mazauna unguwar Gurda ta Sabha da nake gani sun ratso ta Agadas da Dirku kafin su iso Sabha. Wasu sun baro gida suna shan maganin ƙanjamau, kwalba ta ƙare a hanya, ba su sake nema ba. In na tambaya sai a ce: "Likita ya ce ba a ganin ta a jinina, ai na warke."

Ɗan'uwa, ba ka warke ba tukuna. Magani yana hana ƙwayar HIV hayayyafa har na'ura ta kasa gano ta, amma tun farkon kamuwa takan cusa kanta cikin ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira CD4, ta kwanta shiru shekara da shekaru, kamar garwashi a ƙarƙashin toka. A 1997 Robert Siliciano da wasu masana a Amurka suka tabbatar cewa magani ba ya kaiwa ga wannan maɓoya. Ka daina sha, galibi cikin 'yan makonni ta dawo. Shan yau a bar gobe kuma shi ke koya mata bijire wa maganin.

An taɓa warkewa, gaskiya ne. Timothy Ray Brown, a Barlin, 2007. Amma sankarar jini ce ta sa aka yi masa dashen ɓargo, daga wani mutum da aka haifa ba tare da ƙofar CCR5 da cutar ke shiga ta cikinta ba. Aiki ne mai haɗarin rai, ba a yi wa mai shan magani lafiya lau. A Durban kuwa, Farfesa Thumbi Ndung'u ya gwada wata sabuwar hanya a kan mata 20, huɗu suka wuce shekara ba magani, ƙarƙashin kulawa ta kusa. Wannan ya faranta min rai ƙwarai, sai dai har yanzu gwaji ne.

Na san tsoron takardar shaidar lafiya da ake nema wurin baƙi yana sa mutane ɓuya, kuma ba na raina wannan tsoron. Duk da haka, kafin ka hau motar barin gida, roƙi asibitinka maganin watanni, ka ɗauki hoton kwalbar a waya. In ya riga ya ƙare, ka nemi ma'aikacin lafiyar da ka yarda da shi tun kafin tari da rama su fara.