Tukunyar Gilgal: Darasi a Kan Kyautar Abinci da Alhakin Mai Bayarwa

Karatu: 2 Sarakuna 4:38-44, Luka 10:25-37, Markus 6:35-44

Gabatarwa

Kowace shekara bayan girbi, ikilisiyoyinmu na wannan yanki, tun daga Ƙofa ta ƙasar Bebeji har zuwa Kiru, Tudun Wada da Doguwa, sukan tara masara, dawa, shinkafa da wake a ranar godiyar kaka. Wani kashi na wannan hatsi ana ajiye shi domin gwauraye, marayu da marasa lafiya, a raba musu a lokacin Kirsimeti, ko kuwa a tsakiyar damina sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa. Amma akwai tambayar da takan sa hannun mai bayarwa ya yi sanyi: in wani ya ci abin da muka ba shi ya kamu da ciwo, ko aka ji rauni a wurin rabo, wa za a kama? Saboda wannan tsoro waɗansu sukan ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, su bar abinci ya lalace alhali maƙwabci yana kwana da yunwa. Wannan darasi zai duba abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar, da abin da doka ta tanada, da abin da ya wajaba mu yi.

Abin da ya faru a Gilgal

A zamanin Annabi Elisha an yi yunwa a ƙasar. Ya umarci baransa ya ɗora babbar tukunya domin ƙungiyar annabawa. Ɗaya daga cikinsu ya fita jeji neman ganye, ya tarar da wata yaɗuwa mai 'ya'ya, ya cika rigarsa da su, ya yayyanka cikin miya ba tare da ya san ko mene ne ba. Da aka fara ci, sai aka gane akwai guba. Elisha ya sa aka kawo gari, ya zuba a tukunyar, da ikon Allah abincin ya gyaru, aka ci lafiya.

Abu uku ne za mu lura da su. Na ɗaya, mutumin nan ba mugu ba ne. Taimako ya yi niyya. Na biyu, kyakkyawar niyyarsa ba ta cire gubar ba. Da ba a farga ba, da an yi jana'iza. Na uku, annabin bai hukunta shi ba, bai kuma hana ciyar da jama'a ba. Nan gaba kaɗan cikin surar, wani mutum ya kawo gurasar sha'ir 20, aka ciyar da mutum 100, har aka bar saura. An gyara tukunya ne, ba a kife ta ba.

Shari'ar Musa kuwa ba ta ɗauki sakaci da wasa ba. Wanda ya haƙa rami ya bar shi a buɗe har dabbar wani ta faɗa, shi zai biya (Fitowa 21:33-34). Wato Allah ya bambanta tsautsayi da ganganci, dokokin mutane ma a kan wannan bambanci suka tsaya.

Yadda waɗansu ƙasashe suka kare mai bayarwa

A shekarar 1967 wani ɗan Katolika mai suna John van Hengel ya kafa rumbun tara abinci domin matalauta a birnin Phoenix na Amurka, da taimakon Ikilisiyar Maryamu Mai Tsarki ta birnin. Irin waɗannan rumbuna sun yaɗu, amma manyan kantuna da yawa sun gwammace su zubar da abinci mai kyau da a kai su kotu. Saboda haka a 1996 Amurka ta yi wata doka mai ɗauke da sunan ɗan majalisa Bill Emerson da kuma sunan Basamariye mai kirki na misalin Ubangijinmu. Dokar ta tanadi cewa wanda ya ba ƙungiyar agaji abincin da a zahiri lafiyayye ne, da zuciya ɗaya, domin a raba wa mabukata, ba za a ci shi tara ko a hukunta shi ba in wata illa ta biyo baya, haka nan ita ƙungiyar da ta raba. A farkon 2023 aka faɗaɗa ta, ta haɗa da manoma, kantuna da gidajen abinci da ke miƙa wa mabukata hannu da hannu. Italiya ma ta yi tata dokar mai sunan Basamariyen a 2003.

Sai dai mu lura, dokar ta Amurka ba ta kare wanda ya yi mummunan sakaci ko ya cuci mutane da gangan. Wanda ya san abinci ya ɓaci ya kuma bayar, babu garkuwa a gare shi. Ko a inda doka ta fi sauƙi, mai kula take karewa, ba mai ganganci ba.

Halin da muke ciki a Nijeriya

A ƙasarmu babu dokar tarayya ta musamman da ke ba mai kyautar abinci irin wannan kariya. Abin da ya fi kusa da ita shi ne dokar 2017 a kan jinyar waɗanda aka harba da bindiga, wadda ta hana a wulaƙanta wanda ya kai mai rauni asibiti ko a tsananta masa da tambayoyi. A kan abinci kuwa, dokokin da ke akwai na kare mai ci ne. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke sa ido a kan abincin gwangwani, na leda da na kwalba. Dokokin hukunta laifuffuka kuma sun tanadi horo ga wanda sakacinsa ya jawo rauni ko asarar rai. Cewa kyauta ce aka bayar ba ta isa hujja a gaban alƙali ba.

Misalai biyu sun ishe mu ishara. A watan Maris na 2021, a birnin Kano, ɗaruruwan mutane sun kwanta asibiti, waɗansu suka rasu, bayan sun sha lemon da aka haɗa da garin da ya gurɓata da kuma wani sinadari da aka sayar a matsayin ɗan tsami. Irin wannan lemo ne mata sukan haɗa a bukukuwanmu. Sa'an nan a ranar 21 ga Disamba 2024, mutum 10 suka mutu a turmutsitsi a Cocin Katolika na Triniti Mai Tsarki da ke Maitama, Abuja, inda Ƙungiyar Waliyyi Vincent de Paul ta shirya rabon abinci. A rana guda mutum 22 suka mutu a rabon shinkafa a Okija ta Jihar Anambara. Kwana uku kafin nan yara 35 suka rasu a wani taro a Ibadan, aka kuma gurfanar da waɗanda suka shirya shi a gaban kotu. Dukansu alheri suka nufa. Ashe haɗarin ba a cikin tukunya kaɗai yake ba, har da bakin ƙofa.

Abin da ya wajaba mu yi

Tun da yake doka ba ta ba mu garkuwa ba, garkuwarmu ita ce kula. Ga ƙa'idodi shida domin kwamitin ikilisiya, katikis-katikis, Zumuntar Mata da matasa:

1. Kada mu ba da abin da ba za mu sa a bakin 'ya'yanmu ba. Annabi Malakai ya tsauta wa masu kawo wa Allah makauniyar dabba da gurguwa (Malakai 1:8). Abin da aka ba matalauci, Kristi aka ba.

2. A tambayi duk wanda ya kawo wake ko masara ko an sa musu magani, wane iri, kuma yaushe. Hatsin da aka yayyafa wa fiya-fiya kada a karɓa. A adana na ikilisiya a busasshen wuri, cikin buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba.

3. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar. Tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta.

4. Abincin leda da na gwangwani a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinsa. Dafaffen abinci a raba shi da zafinsa, kada ya kwana. Ruwan kunu da na zoɓo ya zama tafasasshe.

5. Kada a yi shelar rabo a kasuwa. A rubuta sunayen mabukata tun da wuri, a kai musu gida, ko a kira su rukuni-rukuni. Ubangijinmu da kansa, kafin ya ciyar da mutum 5,000, sai da ya sa aka zaunar da su ɗari-ɗari da hamsin-hamsin. In taron zai yi girma, a sanar da mai unguwa, dagaci da 'yan sanda.

6. A ajiye littafi: wa ya kawo, me ya kawo, yaushe, wa aka ba. Manzanni ma sun sa aka zaɓi mutum bakwai masu mutunci domin rabon abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6:1-6). In wani ya yi ciwo, a gaggauta kai shi asibiti, a tsayar da rabon, a faɗi gaskiya.

Bugu da ƙari, muna zaune ne tare da maƙwabtanmu Musulmi, suna aiko mana da naman layya, muna aika musu da abincin Kirsimeti, yunwa kuma ba ta tambayar addini. In za mu ba su nama, ya zama yankan da za su iya ci, kada kuma a ɗaura wani sharaɗi a kan kyautar. Kwano ɗaya da ya jawo ciwo yana iya rushe amanar da iyayenmu suka daɗe suna ginawa.

Kammalawa

Daidai ne mu roƙi 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya su yi dokar da za ta kare mai bayarwa da zuciya ɗaya. Amma ba za mu jira ta ba. Basamariyen nan ba shi da wata takardar kariya a hanyar Yariko, duk da haka ya tsaya. Bai kuma tsaya da ganganci ba, ya wanke raunuka, ya ɗaure, ya kai masauki, ya biya, ya yi alkawarin komowa. Firist da Balawe sun tsira daga zargin mutane, amma ba su ne Yesu ya ce mu yi koyi da su ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wa ke duba hatsin godiyar kaka a ikilisiyarku kafin a raba shi?
2. Shin tsoron zargi ya taɓa hana ku ba wani abinci?
3. Su wane ne mutum bakwai da za ku iya danƙa wa wannan aiki?

Addu'a

Ya Allah Uba, mai ciyar da dukan masu rai, ka ba mu hannu mai bayarwa da ido mai lura, domin abin da ya fito daga rumbunanmu ya zama lafiya ga mai ci, ya kuma kawo ɗaukaka ga sunanka. Ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.