Ƙwaƙwalwar ɓera namiji da ta mace: amsar tambayoyinku

Wasiƙarmu ta farko daga wani malamin makaranta ce a Zariya. Ya ce ya ji labarin masana sun gano ƙwaƙwalwar ɓera namiji da ta mace ba aiki iri ɗaya suke yi ba, to ashe wani jinsi ya fi wani basira ke nan?

Malam, bambanci akwai shi, sai dai ba a wurin da kake zato ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna miƙa wa juna saƙo ne ta wata 'yar mahaɗa, kuma idan saƙo ya yawaita bi ta mahaɗa guda, sai ta ƙara ƙarfi ta daɗe a haka. Tun 1973 Bliss da Lomo suka bayyana wannan a ƙwaƙwalwar zomo, kuma masana da yawa suna ganin nan ne tushen koyo da tuna abu. A 2019 ɗakin binciken Catherine Woolley na Jami'ar Northwestern a Amurka ya yanko siraran yanka daga sashen ƙwaƙwalwar manyan ɓerayen gwaji da ke kula da tunawa, ya tsokane su da lantarki. Mahaɗun maza da na mata suka ƙara ƙarfi daidai wa daida. Da aka zuba maganin da ke toshe wani furotin mai suna PKA kuwa, na mata suka kasa, na maza ko gezau. Kamar motoci biyu ne da suka isa kasuwa lokaci guda ta hanyoyi daban: ba ka sanin hanyarsu ba ɗaya ba ce sai ranar da gada ta karye a guda. Babu abin da ya shafi fifikon basira a nan, Malam, kuma duk wanda ya kafa hujja da shi don hana 'yarsa karatu ya ɗora wa binciken abin da bai faɗa ba.

Wata 'yar'uwa mai karatun aikin jinya a Maraɗi tana tambayar me ya sa aka daɗe ba a gano haka ba. Malama, ai ba a duba ba ne. Bitar da Beery da Zucker suka wallafa a 2011 ta nuna cewa a binciken ƙwaƙwalwa, ayyukan da aka yi da dabbobi maza zalla sun ninka na mata zalla fiye da sau 5. Uzurin masu binciken shi ne sinadaran jikin ɓera mace suna hawa da sauka duk kwana 4 zuwa 5, don haka za su dagula sakamako. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, domin Woolley da kanta ta nuna yawan mahaɗun yana sauyawa da kusan kashi 30 cikin ɗari a wannan zagaye. Amma a 2014 aka tattara bincike 293 a kan ƙananan ɓeraye, aka tarar sakamakon mata bai fi na maza warwatsuwa ba. A 2016 hukumar binciken lafiya ta Amurka (NIH) ta wajabta wa masu neman tallafinta su yi la'akari da jinsi.

Na san wani zai ce ɓera ba mutum ba ne. Haka ne, shi ya sa ban yarda a auna hankalin ɗan Adam da shi ba. Sai dai a jikin ɓera ake fara gwada magani, kuma nan ne abin ya dame ni. A 2015 ayarin Jeffrey Mogil na Jami'ar McGill a Kanada ya toshe aikin wasu ƙwayoyin garkuwa da ke cikin laka, zafin ciwo ya lafa wa ɓeraye maza, na mata bai lafa ba. Da maza kaɗai aka gwada, da an yi shelar samun magani, alhali rabin masu ciwon ba su amfana ba. A ɓangaren mutane ma, sai a 2013, bayan shekara 20 ana sayar da maganin barci na zolpidem, hukumar magunguna ta Amurka ta rage adadin da mata za su sha daga miligiram 10 zuwa 5.