Yadda Ake Daidaita Girman Rubutun Manhaja da Allon Kwamfuta a Tkinter

Masu koyon rubuta manhaja da Python kan duba yawan fiksel ɗin allo, su ƙara wa rubutu girma idan lambar ta yi yawa. Wannan awon yana yaudara. Allo mai fiksel 1920 da 1080 idan inci 24 ne, kowane inci na ɗauke da fiksel kusan 92; idan kuma na ƙaramar laftof ne mai inci 13.3, sun kai kusan 166. Harafi mai tsayin fiksel 16 zai fito sarai a na farko, a na biyu kuwa sai an ƙanƙance ido. Abin dubawa shi ne cunkoson fiksel a inci ɗaya, wato DPI.

Da farko, ka sanar da Windows cewa manhajarka za ta kula da awonta da kanta. Kafin ka buɗe taga ko ɗaya, kira SetProcessDpiAwareness ta hanyar ctypes, ka ba shi lamba 1. Wannan yana aiki tun daga Windows 8.1. In ka tsallake shi, Windows zai ja tagar kamar hoto, haruffa su fito dishi-dishi.

Sannan ka ba rubutu girma da foyint. Foyint ɗaya kashi ɗaya ne cikin 72 na inci, don haka foyint 12 fiksel 16 ne a DPI 96, ya zama 24 a DPI 144, wanda Windows ke kira kashi 150 cikin ɗari. A Tkinter, lamba zalla foyint ce, mai alamar ɗebewa a gaba kuma fiksel ce. Guji ta biyun. In kana son sanin DPI ɗin da ake kai, ka ba winfo_fpixels awon '1i'.

Kada ka bi maɓallai ɗaya bayan ɗaya kana sa musu girma. Ɗauko TkDefaultFont da nametofont ka gyara shi sau ɗaya, duk abin da ke amfani da shi zai bi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne wurin da rubutun zai zauna. Haruffa sun girma, amma layukan jadawalin Treeview na nan yadda suke, sai ka ga an sare kan ɗ da ƙ, an datse wutsiyar g da y. Tambayi metrics tsayin layi, wato linespace, ka ɗan ƙara masa, ka ba rowheight. Tazarar gefen maɓalli ma ka rubuta ta '6p' maimakon 6 kawai. Matsalar wurin zaman rubutu ta fi damun mai fassara manhaja zuwa Hausa, domin kalmominmu kan fi na Turanci tsawo, maɓallin da aka ƙayyade wa faɗi ba zai ɗauke su ba.

Daga nan ka shiga saitin allo na Windows, ka gwada 100, 125, 150 da 200, kana rufe manhajar kana sake buɗe ta a kowane canji, domin lamba 1 ɗin nan a lokacin tashi kaɗai take karanta DPI.