Zaftarewar Ƙasa: Daga Gaɓar Karaduwa Zuwa Ƙarƙashin Teku

Manufar wannan ɗan nazari ita ce a duba kalmomin da Bahaushe yake amfani da su wajen bayyana motsin ƙasa, sa'an nan a gwada su da abin da masana ilmin ƙasa suka gano. An ɗauki misali daga ƙasar Matazu ta Jihar Katsina, inda kogin Karaduwa yake ratsawa kafin ya kai madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 kusa da Dutsin-Ma.

Sau da yawa a kan ji masu fassarar labarai suna kiran kowane irin motsin ƙasa da sunan zaizaya, alhali kuwa manomi yana rarrabewa. Zaizaya aiki ce ta sannu a hankali, watau ruwa ko iska suna ɗibar ƙasa kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, har ƙaramar hanyar ruwa ta zama kwazazzabo ta raba gona biyu. Ruftawa kuwa ita ce faɗawar ƙasa cikin rami, kamar yadda rijiyar da ba a ɗaure ba take yi, ko ramin da magina suke haƙar ƙasar gini idan sun rarake ƙarƙashinsa. Kalmar da ta fi damunmu a nan ita ce zaftarewa, watau wani babban yanki na gaɓa ko na tudu ya tsinke, ya gangara gaba ɗaya cikin ƙiftawar ido.

To, me yake riƙe gaɓa har ta tsaya? Ƙwayoyin rairayi suna cije da juna ne saboda nauyin da ke danne su, laka kuma tana da danƙo, ga saiwoyin tsirrai suna ɗaure su. Idan ruwan Agusta ya jiƙa ƙasa sharkaf, sai ya cika 'yan kafofin da ke tsakanin ƙwayoyin, ya ƙara wa gaɓar nauyi, ya kuma sassauta cizon nan. A lokaci guda ruwan kogi yana cin gindinta. Wani abin mamaki shi ne, gaɓa ta fi zaftarewa bayan kogi ya fara janyewa. Dalili kuwa, sa'ad da kogi yake cike, ruwansa yana tokare gaɓar daga waje. Da ya janye da sauri, sai a bar ta da ruwan da ta sha, babu matokari. Saboda haka mai noman bakin kogi da ya ga tsagewa ta bi tsawon gaɓa, bai kamata ya bar yara ko dabbobi su raɓe ta ba, ko da rana ta fito garau. Haka nan duk ginin da aka yi da tarin ƙasa yana cikin wannan hali. Madatsar ruwa ta Bagauda a Jihar Kano ta ƙasa ce, ta kuwa ɓalle a watan Agusta na 1988 bayan ruwan sama mai yawa.

Mai karatu zai yi tsammanin wannan al'amari ya tsaya a tudu. Amma ƙarƙashin teku ma akwai gangare, kuma manyan koguna suna ta zuba masa laka da rairayi. Idan tarin ya yi sauri, ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ba ya samun kafar fita, sai tarin ya zauna kamar kunu mai kauri. Girgizar ƙasa kaɗan ta isa ta tsinke shi, ko da gangaren bai kai yadda ido zai lura da shi ba.

Yadda aka fara gane wannan abin sha'awa ne. Ranar 18 ga Nuwamba, 1929, aka yi girgizar ƙasa a Grand Banks, cikin Tekun Atlantika gabas da Kanada. Igiyar ruwan da ta biyo baya ta hallaka mutum 28. Wayoyin tangaraho 12 da aka shimfiɗa a ƙasan teku suka tsinke, amma ba a tare ba: na kusa nan take, na nesa kuma ɗaya bayan ɗaya, har kimanin awa 13. Kamfanonin waya sun rubuta lokacin da kowace ta mutu. Da wannan lissafi ne Heezen da Ewing suka nuna a 1952 cewa laka ce ta zaftare, ta gauraya da ruwa, ta yi ta gudu a ƙasan teku da saurin mota.

Ina ruwan mutumin Matazu da wannan, ga shi bai taɓa ganin teku ba? A ƙarshen 2019 kogin Kwango ya yi ambaliya mai girma, ya jibge laka a bakinsa. A watan Janairu na 2020 lakar ta tsinke, ta bi wani kwari na ƙarƙashin teku, ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,100 cikin kwana biyu, ta tsinka wayoyin intanet guda biyu, SAT-3 da WACS. Sadarwa ta yi nauyi tun daga Nijeriya har Afirka ta Kudu, kuma ta irin waɗannan wayoyi ne saƙon wayar hannun ɗan kasuwar hatsi yake fita ƙasashen waje.

A ganina, kalmar zaftarewa ta wadatar wa malamin firamare da mai fassara, a tudu ko a teku, ba sai an ƙirƙiro wata ba. Bambancin yana wajen magani. A teku sai dai a auna ƙasa, a kauce wa kwari wajen shimfiɗa waya. A gona kuwa, dasa gamba ko jema a bakin gaɓa yana rage zaizaya ƙwarai, sai dai saiwarsu ba ta isa ta riƙe gaɓa mai tsawon gaba biyu ba idan kogi ya riga ya cinye gindinta. Irin wannan sai an sare ta, an kwantar da gangarenta, an jera duwatsu a gindi tun da rani.