Koyar da Turanci a Ƙaramar Sakandare: Aikin Zango Ɗaya

Yaron da ya gama shekara 6 a firamare ya shiga ƙaramar sakandare, yakan tarar kusan duk littattafan da za a ba shi da Turanci aka rubuta su. Lissafi da Turanci, kimiyya da Turanci, takardar jarrabawa ma haka. Saboda haka in malamin Turanci ya yi sakaci da zango ɗaya, ba darasinsa kaɗai ya lalace ba, har da na sauran malamai. Can gaba kuma, wanda bai ci Turanci sosai a jarrabawar WAEC ko NECO ba, da wuya ƙofar jami'a ta buɗe masa, kome ƙoƙarinsa a sauran fannoni.

Shekarar karatu zango 3 ce, kowane zango kuwa kamar mako 12 ne ko 13. Manhaja ta tsara abin da za a koyar a ciki, littafin aji kuma yana bin ta. Amma fa littafin don ƙasa duka aka rubuta shi, bai san harshen da yaro ya taso da shi ba. Malami shi ya sani. Yawancin kurakuran ɗan Bahaushe a Turanci ba na rashin basira ba ne, ƙa'idar Hausa ce yake ɗorawa a kan Turanci. Wanda ya gane wannan yana iya sanin inda yaransa za su yi tuntuɓe tun ba su kai wurin ba, ya shirya zangonsa a kan haka.

A makon farko kada a fara sabon darasi. Malami ya yi wa yara shifta ta layi 10, sa'an nan ya sa kowa ya karanta jimla biyu ko uku da ƙarfi, yana rubuta abin da ya ji. A nan zai ga waɗanda har yanzu ba su iya haɗa baƙi ba. In ba a ware musu ɗan lokaci tun yanzu ba, haka za su zauna shiru a bayan aji har zango ya ƙare.

Makonnin da ke biye, aikin kunne ne da baki. Hausar boko, in ban da tsawon wasali da karin sauti, yadda ake faɗinta haka ake rubuta ta. Turanci kuwa harafi 26 gare shi, amma sautukansa sun kai kamar 44. Waɗansu babu su a Hausa sam. Bahaushe ba ya bambanta p da f, don haka pull da full ɗaya suke a kunnensa. Yakan mai da v ta zama b, vote ta koma kamar boat, kuma th ta zama s ko z, think ta koma sink. Maganin abin ba dogon bayani ba ne. A rubuta kalmomin bibbiyu a allo, malami ya faɗi ɗaya, yara su nuna wadda ya faɗa. Sai kunne ya rarrabe su tukuna, kana a nemi baki ya faɗa. Minti 5 a farkon kowane darasi ya isa, muddin ba a fasa ba.

Akwai wani wuri da Hausa da kanta take taimakon malami. Kalmar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, yawanci kuma da wasali take ƙarewa. Shi ya sa da aka aro bread ta zama burodi, driver ta zama direba, brake ta zama birki, bench ta zama benci. Yara sun san waɗannan duka tun daga gida. In malami ya rubuta ta Hausa kusa da ta Turanci, ya tambaye su abin da aka ƙara, su da kansu za su gano wasalin da ya kutsa, daga nan su fara jin sa a bakinsu sa'ad da suke cewa sukul maimakon school.

Wajen tsakiyar zango sai nauyi ya koma kan ginin jimla. A Hausa, in za a nuna lokaci, ƙaramar kalmar da ke gaban aikatau ita ke ɗauke da aikin: na tafi, zan tafi, nakan tafi. A Turanci aikatau ɗin kansa ke sakewa, go ta koma went. Bahaushe yana cewa littafi uku ba laifi, sai yaro ya rubuta three book. Kowane abu a Hausa ko namiji ne ko mace, riga ta yage, wando ya yage, don haka it takan yi wa yaro wuyar kamawa. Kuma kalma ɗaya ta Hausa takan tsaya a madadin uku ko huɗu na Turanci. Da sha ake shan ruwa, a sha taba, a sha mangwaro. Da ji ake jin magana, a ji wari, a ji sanyi. Ara mini kuwa ita ta haifi borrow me. Yaron da aka nuna wa tushen kuskurensa ba ya saurin maimaita shi kamar wanda aka ja wa jan layi kawai.

A nan ya kamata a ambaci al'adar cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa a makaranta. Abin da take haifarwa shi ne aji mai shiru, harshe kuwa ba a koyonsa da baki rufe. Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito Kwalejin Katsina a 1933 ya koyar a Midil ta Bauci har ya zama shugabanta, an yi masa shaidar iya Turanci har a ƙasashen waje, amma da Hausa ya rubuta Shaihu Umar. Ya halatta malami ya yi bayani da Hausa a jimla ɗaya ko biyu inda abu ya cije, sa'an nan ya komo Turanci nan da nan.

Insha'i a fara shi da ƙanƙani: jimla 5 a kan ranar kasuwa, ko yadda ake dama kunu, kafin a kai ga wasiƙa zuwa ga wa ko kawu. Inda yara suka yi yawa, malami ba zai iya gyara kowane kuskure a kowane littafi ba, in ma ya iya, yaro ba ya koyon kome daga shafin da ya rine da ja. Gara a faɗa musu tun da fari cewa wannan mako lokacin aikatau kaɗai za a duba, mako mai zuwa manyan haruffa da aya. Darasi ɗaya a mako kuma a bar shi don karatun labari, ko da littafi ɗaya ne tak a hannun malami.

Mako biyu na ƙarshe na bita ne da jarrabawa. Kafin a shiga jarrabawar, malami ya sake yin shiftar nan ta makon farko, kalma da kalma, ya ajiye takardun biyu na kowane yaro gefe da gefe. Sunayen waɗanda ba su motsa ba ya rubuta su a littafinsa tare da irin kuskuren kowa, domin da su za a fara in an komo hutu, ko shi ne ke da ajin ko wani malami.