Amsoshin Tambayoyinku: Rufin Mota Mai Naɗewa Ya Ƙi Motsi

Wani mai sauraronmu daga Kaduna ya aiko yana cewa rufin motarsa ƙirar Peugeot 206 CC ya tsaya a rabi, ya ƙi buɗewa, ya ƙi rufuwa. Mene ne dalili, kuma yaya za a gyara?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Irin wannan rufi, ƙaramin injin lantarki ne ke juya famfo a cikin but, famfon ya tura mai zuwa silindoji, su kuma su ɗaga rufin. Akwai kuma ƙananan makunnai masu shaida wa kwamfutar motar inda rufin ya kai.

Ka fara da abu mai sauƙi. Labulen da ke raba kaya a but, in ba a ja shi ya zauna daidai ba, rufin ba zai motsa ba. Sannan a duba ƙarfin batir da fis.

Daga nan ka danna maɓallin rufin, ka kasa kunne. In shiru kake ji, matsalar ta wuta ce ko ta makunni. In famfo na kuka amma rufi bai gusa ba, mai yiwuwa man ya ragu, wataƙila robar silinda ta bushe tana yoyo, abin da zafi da ƙura ke gaggautawa.

Kada ka zuba man birki, yana cinye robobin. Kada kuma a tura rufin da ƙarfi, ƙarafunansa za su lanƙwashe. Littafin motar ya bayyana yadda ake sassauta matsin man a rufe da hannu. Bayan haka sai a kai wa makanike mai na'urar gwajin kwamfuta.